Irin Baɗi

Jiya ina yankan dawa a gonarmu ta Randagi, na kama wata zangarniya, sai baƙar ƙura ta cika mini tafin hannu. Burtuntuna ce. Nan take Baba ya faɗo mini a rai.

Baba ba ya barin zangarniya mai burtuntuna ta kai masussuka. Yakan ce ƙurar manne wa iri take yi, a shuka su tare, ta bi cikin kara shiru. Dawa koriya shar, sai ta fid da kai a ga gawayi maimakon ƙwaya.

Kakar da 'yan bindiga suka matsa mana, kowa yanka yake yana ɗora wa babur, ba mai tsayawa zaɓe. Muna jiyo harbi daga daji, Baba na durƙushe yana cusa baƙaƙen a buhu zai ƙona.

Na ce, "Baba, don Allah ka taso! Wa ya san ma za mu shuka baɗi?"

Ya ɗago, gemunsa duk baƙi. "Allah ya sani. Ni dai irin baɗi nake gyarawa. In sauri kake, ga hanya."

Ban tafi ba. Shi bai ga baɗin ba, amma irinsa muka shuka.

Yanzu 'yan'uwa na Kaduna sun dame ni da waya, wai in sayar da gonar. Su yi ta kira. Ni dai na ƙona baƙaƙen jiya, na ware na iri.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya sake nuna mana shuka a gonar nan, ko wa ya ƙi.