Bajimin Inna a Layin Gefe

Ni ba na son jirgin ƙasa, kuma ba na ɓoyewa. In tsofaffin ƙauyenmu suka zauna a gindin durumi suna yabon jirgin da, yadda yake zuwa a kan lokaci, yadda kukansa yake da daɗi, tashi nake in ba su wuri. Abin haushin ma shi ne rabin masu yabon nan ba su taɓa shigarsa ba. Layin dogo bai biyo ta ƙasar Gwaram ba, bai biyo ta Birnin Kudu ba. Ya zagaye mu ta arewa, ya zagaye mu ta kudu, kamar an ce masa muna da ƙyanda.

Shugaban masu yabon kuwa mahaifina ne. Baba ya yi fataucin shanu zuwa Fatakwal a shekarun samun 'yancin kai, kuma tarihin layin nan a bakinsa yake kamar ƙulhuwallahu. Zai gaya maka Turawa sun fara shimfiɗa shi daga bakin teku saboda gawayin Inugu, sannan ya hauro Arewa ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da shanu, bayan 'yanci kuma aka ja masa reshe ta Bauchi har Maiduguri. Zai gaya maka da jirgi yake gyara agogonsa. Mun sha wannan karatu har mun ƙoshi, a kan tuwo, a gona, har a hanyar jana'iza.

Inna kuwa ba ruwanta da jirgi. Bajiminta ta sani. Tun yana ɗan maraƙi ta saye shi, fari tas, ta ɗaure shi a bayan ɗakinta. Shekara uku tana ba shi dusa da harawa da kanwa, tana cire masa kaska da hannunta, safe da yamma ta kai masa ruwa a babbar tasa ta tsaya a kansa har ya shanye. Duk ƙauyen an san abin da take tarawa a jikin dabbar nan: kujerar Makka. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, sa'o'inta suna ta tafiya suna dawowa da haƙorin zinare, ita ma tana son ta ga ɗakin Allah kafin ƙafarta ta gaza.

Da bajimi ya kai sayarwa, aka ce a Fatakwal naman sa ya yi daraja, don ma'aikatan mai ba sa tayi. Wani Alhaji mutumin Wurno, abokin fataucin Baba, zai kai shanu can, ya yarda a haɗa da namu. Ni na ce a sa shi a tirela daga Birnin Kudu, kowa ita yake bi yanzu. Baba ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Mota? Ta karya masa ƙafa a kan gargada, direba yana gyangyaɗi? Kai yaro ne. Jirgi shimfiɗa ne, sa yana tsaye har ya sauka bai san ya yi tafiya ba."

Na riga na yi aure a lokacin, har da 'ya, amma yaro ne ni tunda ban taɓa shiga jirgi ba. Gwiwar Baba ta hana shi tafiya, don haka ni aka tura. Kuma don a cika abin dariya, a mota muka ɗora bajimin muka kai shi Bauchi wurin jirgi.

Aikin ɗan rakiyar shanu ɗaya ne. Ana cusa su a tarago har ba masaka tsinke, kai kuma kana zaune a kan katako daga sama da sanda. Wanda ya durƙusa dole ka tashe shi, ko da murɗa wutsiya ne, in ba haka ba sauran su tattake shi. Muna da gangar ruwa guda, Baba ya ce ta yi yawa ma, wai akwai tashoshin da ake shayar da dabbobi. Wataƙila a zamaninsa. Mu dai famfunan da muka gani duk sun yi tsatsa.

Bayan mun wuce Kafancan, a wata ƙaramar tasha cikin daji, aka karkatar da mu zuwa layin gefe. Layin ɗaya ne, dole wani ya kauce wa wani, wannan ban yi musu ba. Sai muka ga an kwance kan jirginmu, ya yi gaba shi kaɗai ya bar mu. Na sauka na sami shugaban tashar, wani ɗan Arewa ɗan'uwanmu mai hula da tuta biyu a hammata.

"Ranka ya daɗe, ina aka kai kan jirginmu?"

"Na jirgin mai ne ya lalace a kudu, an ari naku ya jawo shi. Mai ne ke da hanya, Malam. Ku yi haƙuri, gobe in sha Allahu."

Bazara ce. Ƙarfen tarago in ka taɓa shi da rana sai ka janye hannu. Ba dakalin sauke dabba a tashar, taragon kuwa ya kai ƙirjina tsawo, sa mai nauyi irin namu in ya diro sai dai a kwashe shi. Rafin da ke kusa ya ƙafe. Babban tankin da ake shayar da jiragen gawayi a da yana nan tsaye a kan ƙafafunsa, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Ruwan da iyalin shugaban tashar suke sha daga wani ƙauye mai nisa ake ɗauko shi a ka. Gangarmu ta ƙare a rana ta biyu, muka koma taimama.

Shanun Alhaji na Fulani ne, sun saba da ƙishi, sun sunkuyar da kai suna jira. Namu ɗan gata ne, bai taɓa wuni bai sha ba. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ya riƙa lasar ƙarfen tarago, in na miƙa hannu ya lashi gumin da ke jikina, harshensa a bushe kamar dutsen goge kaushi. Gobe ta zo, shugaban tasha ya sake cewa gobe. Wallahi da ina da ikon ɗaga layin nan da hannuna da na naɗe shi na jefa a daji.

Rana ta uku bayan azahar bajimin Inna ya durƙusa. Na murɗa wutsiya, na buga, na kira shi da irin kiran da Inna take masa. Bai ko ɗaga kunne ba. Alhaji ya leƙa idonsa, ya zaro wuƙa daga kube ya miƙo mini.

"Ɗana, yanka shi. In ka ƙara jira, labarin mushe za ka kai wa uwarka."

A gidanmu ko kaza ba a yanka ta sai an ba ta ruwa. Na ɗauki buta na ruga ofishin tashar, ko rabin buta ne in jiƙa masa baki. Randar ta ƙafe, masu ɗebo ruwa ba su dawo ba. Shugaban tashar kuma yana can bakin layi ya ɗaga koriyar tuta, ko waiwayo ni bai yi ba, don ga jirgin mai nan tafe. Kan jirginmu ne a gaba, na gane shi. Tanki bayan tanki, baƙaƙe, cike maƙil, suna wucewa a hankali ƙasa tana girgiza. Na koma da buta wayam, muka juya kan bajimin gabas iya yadda wuri ya ba mu, na yi bisimilla na yanka. Har na gama tankunan ba su gama wucewa ba.

Naman sa guda a daji cikin zafin nan ba mai saye. Mutanen ƙauyen suka zo da kwanduna, wanda ya ga dama ya ajiye ɗan abin da ya ajiye. Washegari aka dawo mana da kan jirgi. Ban bi shi ba. Na ɗauki igiyar wuyan bajimin na naɗe, na taka zuwa titi na hau mota.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "A zamaninmu dai..." Ban bari ya ƙarasa ba. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ɗaga masa murya, na ce ya ajiye zamaninsa a aljihu tare da agogonsa. Na nemi gafara daga baya, ya yafe, amma bai sake yin zancen jirgi a gabana ba.

Inna tana bayan ɗaki, inda turken yake. Na durƙusa na ajiye igiyar a gabanta. Na shirya wa kuka, na shirya wa zancen Makka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki igiyar tana shafa wurin da ya yi santsi saboda wuyansa, sannan ta dube ni.

"Ka dai ba shi ruwa kafin ka sa wuƙa?"

Na ce, "Na ba shi, Inna. Ya sha sosai."

Ta ce, "To alhamdu lillahi."

Damina huɗu bayan nan ta rasu, ba ta je Makka ba, ba ta sake ɗaure dabba a turken nan ba. Na yi mata ƙarya tana kallon idona, ta gode wa Allah a kan ƙaryata, kuma har aka kai ta makwancinta ban sami bakin warwarewa ba.