Kwalaben Kawu

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Kawu, jiyan kuma ƙannensa suka fasa akwatinsa. Kwalabensa na farar ƙasa suka ce kayan tsafi ne, suka juye a masai. Da na yi magana, babbansu ya ɗaga hannu zai mare ni: "Ke ma ya koya miki ko?"

E, ya koya mini. Ƙasar rijiyar Kalmalo ce, can wajen Illela. Yakan wanke ta, ya lashi bakin siririn burushi, ya ɗauko ƙwaya ɗaya ya sa a madubin ƙara girma. A nan na ga kwanson wata halitta, kamar ƙwayoyin gero da suka manne. Ya ce a saman ruwa ta rayu, zamanin da teku ya rufe Illela.

"Mi sunanta, Kawu?"

"Ƙirga ɗakunan kwansonta tukuna, ɗiyata. Ba a raɗa wa abu suna ba a dube shi ba."

Su ko leƙa madubin ba su yi ba, suka ce masa boka.

Kwalba ɗaya na ɓoye cikin hijabina. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Sunanka da suka ɓata kuwa, Allah ya isa.