Ranar da Na Hana Maigidana Hatsi

Ranar da na hana maigidana hatsi ba ta taɓa fita raina ba, kuma in na tuna ta sai hawaye su zubo mini, don wanda na hana ɗin yanzu yana ƙasa, Allah ya jiƙansa. Ni ce Tsahara, wadda ta riƙe ma'ajin bankin hatsin mata na unguwarmu a nan Madarumfa har ƙafa ta gaza. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Ina faɗa, Hadiza sakatariyarmu tana rubutawa, saboda ku da kuka karɓi makullai bana.

Bari in fara da yadda aikin yake. A mangazarmu, wato ɗakin da muke ajiya, hatsi iri biyu ne, ko da yake ido ba ya raba su. Akwai na banki, wanda muke saye da kuɗin ƙungiya da kaka, lokacin da yake araha. In rumbuna sun yi ƙasa mu ba da shi rance, a biya da kaka mai zuwa da ƙarin tiya ɗaya, na gyaran mangaza da maganin ƙwari. Akwai kuma na ajiya, wato irin shuka. Matan da mazansu ke tafiya cin rani Najeriya ne ke kawo shi, don in ya zauna a ɗaka yunwar bazara sai ta kai shi turmi. Sharaɗin ajiya ɗaya ne: ranar da mai shi ta zo, a ba ta abinta. Da yake ban iya karatu ba, sai na sa kowace mace ta yago bakin tsohon zanenta in ɗaure wuyan buhunta da shi. Kwaɗo uku ne a ƙofa. Makulli ɗaya yana hannun shugabarmu Hajiya Balki, ɗaya wajen Mariya mai awo, na uku a wuyana. Sai ukun sun haɗu ƙofa take buɗuwa.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwan tabki ya ja baya da wuri, kifi ya yi wuya. Kafin bazara ta yi nisa mun ba da hatsin banki rance har saura kaɗan. Sai masunta suka taru suka aiko a roƙa musu, kuma Malam maigidana suka aiko, don shi ma masunci ne, ga shi matarsa ce ma'aji.

Hajiya Balki ta tara mu a ƙofar mangaza da hantsi. Malam yana tsugune a gefe. Ta ce, "Tsahara, abin da ya rage na banki ba zai ishe su ba. Ga na ajiya nan jibge, kwance yake, ba ya haihuwa. Mu ba su rabinsa, da kaka su mayar da ƙari. Banki ya samu, su ma sun samu."

Na ce, "Hajiya, masu shi fa, in sun zo?"

Ta ce, "Ai ba rana ɗaya za su zo ba. Dubi asusunmu na kuɗi. Wata ta ɗauka yau don suna, wata sai wata mai zuwa don biki. Ba mu taɓa ajiye shi duka ba, kuma ba mu taɓa jin kunya ba."

Maganarta ba ta wofi ba ce. Haka asusun kuɗi yake tafiya, kuma Hajiya ta fi ni sanin ciniki nesa ba kusa ba. Na juya makullin a hannuna, sannan na ce, "Suna da biki kowa da ranarsa, Hajiya. Ruwa kuwa rana ɗaya yake sauka a gonar kowa."

Mariya ta riga ta sa nata makullin a kwaɗo, sai ta tsaya tana kallona. Malam ya ɗago kai ya ce, "Ke, gidan da kike kwana ma yana cikin masu roƙon nan. Kin san abin da ya rage mana, ke kike daka shi."

Na sani ƙwarai. Na ce a buɗe. Muka shiga, na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba, na kai shi gaban buhunan. Na ce, "Malam, mai shuɗin ƙyallen nan na Abu ne, mijinta bai aiko ko dala ba tun da ya tafi. Mai ja na Indo ne, 'ya'ya shida. Ka zaɓar mini wadda zan ce wa ta jira kaka ta yi shuka, sai in ba ka nata."

Ya dubi buhunan, bai zaɓa ba. Muka auna sauran hatsin banki muka raba wa masunta da tiya, kowa ya sami abin da bai kai ya kawo ba. Malam ya ɗauki namu ya fita ko sallama babu.

Kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. A na huɗu ya miƙo buta ya ce, "Ma'aji, a ba ni rancen ruwan alwala, da kaka in biya." Na yi dariya har na zauna ƙasa. Tun daga ranar sunana ya ɓace a bakinsa, sai Ma'aji. Bazarar nan mun sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Na sayar da akuyata a kasuwar Gabi, muka yi ta kwaɗon zogale da ɗan gari a kai.

Ruwan shuka ya sauka wata asuba, tun ba a sa ran shi ba. Kafin rana ta ɗaga, ƙofar mangaza ta cika da mata, masu ƙwarya da masu amalanken jaki, kowace tana kiran launin ƙyallenta. Ko ɗaya ba ta bari sai gobe ba, don ƙasa in ta sha iska ta bushe shuka ta wuce. Kafin azahar babu buhun ajiya ko ɗaya a ciki. Malam ya biyo da sungumi a kafaɗa zai tafi gona, ya jingine shi da bango, ya yi ta ɗora wa mata buhuna a amalanke har aka gama. Hajiya Balki ta zauna a bakin ƙofa tana fifita da gyale ta ce, "Tsahara, Allah ya yi miki albarka. Amma taurin kanki sai jakin Safo."

Da kaka ta zo masunta suka biya, matan da a da ba su yarda da mu ba suka kawo nasu irin. A lokacin ne muka ja igiyar nan da kuke gani ta raba mangaza biyu.

Malam ya rasu bara waccan bayan an gama kai amfani gida, ciwon ƙirji na kwana tara. Shekara arba'in da wani abu muna tare, har yau in na dama fura sai in ga na dama ta mutum biyu. Na shiga takaba na ba Hadiza makulli. Hatsinmu ya tafi a magani da sadaka, irin ma bai tsira ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka ina zaune a ɗaka, sai Hajiya Balki ta aiko in zo. Na tarar an sallami kowa, saura buhu ɗaya a ɓangaren ajiya. Ba ƙyalle ne a wuyansa ba, igiyar komar kamun kifi ce, da irin ƙullin da Malam yake yi. Hajiya ta ce kafin ya kwanta ciwo ya kai shi gidanta, ya ce, "A ajiye wa Ma'aji a wurin nan da ko ni aka hana ni."

To, 'ya'yana, abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Cikar mangaza ba ta nufin duka naku ne. Kafin ku sa makulli a kwaɗo ku tambayi rana biyu: ranar da abin zai dawo, da ranar da mai shi zai zo nema. In ta biyun ta riga ta farkon, kada ku buɗe, ko wa ke tsugune a ƙofa. Masu roƙo za su ji haushi, amma su ne za su kawo muku ajiya gobe.

Na shuka irin nan, ya yi kyau, shi nake ci har yanzu, alhamdu lillahi. Igiyar komar kuwa ga ta nan a wuyana, inda makulli yake a da.