Notunan da Sau-Ɗaya Bai Ɗaure Ba

Kawuna bakanike ne, yayan mahaifiyata, kuma an fi shekara talatin ba wanda ya kira shi da ainihin sunansa. Sau-Ɗaya ake ce masa, domin motar da ya gyara ba ta dawowa da ciwon da ta zo da shi. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan tasha, da ramin duba mota guda, da bencin da ya sha baƙin mai har ya daina ɓata wando. Sifanoninsa a jere suke a bango, kowacce da ƙusarta, in ka ɗauki ɗaya ba ka mayar ba sai ka ji a jikinka. Bai gina bene ba, ko motar kansa ba shi da ita. Abin da ya tara a duniya shi ne wannan suna, kuma lallaɓa shi yake kamar ƙwai.

A cocinmu akwai lokacin ba da shaida kafin wa'azi. Wannan ya tashi ya ce ya warke, waccan ta haihu bayan shekara goma, wani kuma, Allah ya yafe mini, ya kwashe rabin sa'a yana labarin akuyarsa da ta ɓata ta dawo. Kawu yana benci na uku daga baya, hannuwa a kan gwiwa. Bai taɓa tashi ba.

Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Wata Asabar na kai masa abincin rana, ina zaune a bencin nan na ce, "Kawu, kai Allah bai taɓa yi maka komai ba ne? Ko mai akuya ya fi ka godiya."

Na zaci zai jefo mini tsumma kamar kullum. Sai ya ajiye cokali, ya daɗe yana kallon bango, ya ba ni labarin da ko matarsa ba ta sani ba.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, matan coci suka ɗauki hayar bas zuwa taro a wani gari bayan duwatsu. Direban amininsa ne, ya kawo motar da sassafe a canza tayar gaba. Aikin yana da ƙa'ida: ka sa taya, ka murɗa notuna da hannu, ka sauke jak, sannan ka ɗaure su da babbar sifana, domin tayar da ke reto a sama ba ta ɗauruwa. Kawu ya murɗa da hannu, ya sauke jak, sai ga wani ya faɗo da gardama a kan batir. Da suka gama ya juyo ya ga mota tsaye da ƙafafunta huɗu, ido ya gaya masa aiki ya ƙare. Ya bubbuga jikin bas ya ce a sauka lafiya.

Sai da rana ta take ya ɗaga kai ya ga babbar sifana a ƙusarta, da ƙurar jiya a kanta. Lokacin ba wayar hannu. Hanyar kuwa gangara ce da kwana-kwana, ga rami a gefe wanda ba a ganin ƙasansa. Mata talatin da shida ne a motar, har da ƙanwarsa, mahaifiyata, tana amarya.

Ya ce nan take ya bar duk abin da yake yi. Ya gangara cikin ramin gareji ya durƙusa a kan mai. Addu'ar da ya iya duk ta gudu, kalma biyu kawai suka rage masa, yana ta maimaita su: "Riƙe, Ubangiji." Can wajen ƙarfe uku, in ji shi, tsoron ya ɗauke cak, ya ji kamar an dafa bayansa da tafin hannu mai ɗumi. Ya waiwaya, ba kowa. Bai ji murya ba, bai ga haske ba, amma ya san ba shi kaɗai ba ne a ramin nan, har ya kasa ɗaga ido don kwarjini.

Da yamma bas ta shigo tasha, mata suna waƙa suna tafi. Ya jira suka watse, ya tsuguna gaban tayar. Cikin notuna shida, huɗu sun zube a hanya. Biyun da suka rage, da yatsa biyu ya cire su. Ya sa sababbi ya ɗaure, yana kuka, bai gaya wa kowa ba.

"In na faɗi abin da ya yi, 'yar nan, dole in faɗi abin da na yi," in ji shi. "Wa zai ƙara kawo mota wurin wanda ya saki taya a kwance?"

Ni da na tono maganar, ni ce na koma roƙonsa ya bar ta a rufe, tunda abin da ya wuce ya wuce. Ya ce a'a, shekara ashirin da biyu yana amsa yabon da ba nasa ba, ya gaji.

Ran Lahadi fasto ya tambaya ko akwai mai shaida, Kawu ya miƙe. Har an fara murmushi, wai yau bebe zai yi magana. Ya tsaya a gaba ya faɗi komai, bai rage ba bai yi wa kansa ado ba. Da ya gama, coci ya yi tsit. Direban nan, ya tsufa yana dogara sanda, ya sunkuyar da kai bai dube shi ba. Na ji haushin bakina kamar in cije shi. Kuma ba zan ɓoye ba, daga baya akwai waɗanda suka janye motocinsu, har yau ba su dawo ba.

Ana cikin shirun nan sai wata tsohuwa mai sayar da zare ta dafa benci ta miƙe.

"Ina cikin motar nan," in ji ta. "A saman tayar ma na zauna, ina ta mita wai kujera tana rawa."

Wata ta tashi a gefen taga, wata a cikin mawaƙa. Ba wanda ya ba da umarni. Tsohuwar ta taɓa kafaɗar ɗanta na auta, ya tashi, matarsa ta tashi da jariri a hannu. Wasu sun miƙe a madadin iyayen da suka rasu da tsufa a kan gadajensu. Direba ya lallaɓa da sandarsa ya je ya tsaya kusa da Kawu, kafaɗa da kafaɗa. Fiye da rabin cocin suna tsaye, Kawu yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifiyata ta kamo hannuna ta ɗaga ni. Sai a lokacin na yi lissafi: shekarata ashirin da ɗaya. Tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na tsaya a cikin mutanen nan, na kasa sakin hannunta.