Malam Mamuda Wurma, abokin wasana a filin tanis

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuni na 1988, ina zaune a ofis a Dutsin-Ma sai ga ƙanenka Sodangi ya shigo, ƙafafunsa duk taɓo. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Malam Tomas, Yaya ya cika da asuba."

Ban iya kuka ba, Malam Mamuda. Mun daɗe muna yawon asibiti da kai, daga Katsina zuwa Zariya, ciwon ƙoda yana cin ka a hankali, har kowa ya gaji da tambayar ya jiki, kai ma ka gaji da cewa da sauƙi.

A 1971 aka turo ni daga Zonkwa aikin akawu, ban san kowa a garin nan ba. Wata la'asar ina yawon kashe kaɗaici na tarar da kai a wani tsohon filin tanis na jar ƙasa da Turawa suka bari, kana buga ƙwallo a bango kai kaɗai. Malamin firamare ne kai a Kurfi, ka koyi wasan tun a kwalejin horon malamai, kuma a kan tsohon babur kake zuwa. Ka miƙo mini raket, abin buga ƙwallon, ba tare da ka tambayi sunana ko addinina ba. Da ka ji aikina ka ce, "To Akawu, tsaya baya, ni in tsare raga." Haka muka tsaya shekara da shekaru. Mutane na yi mana dariya, wai manya da iyali suna bin ƙwallo kamar lemo, ba ka taɓa tanka musu ba.

A 1977, bayan gasar da muka yi a Kaduna, aka kira mu Legas wasannin ƙasashen Afirka ta Yamma. Ni a wasan bibbiyu kaɗai aka sa ni, kai kuwa har da na mutum ɗaya. Na tuna yadda ka riƙa shafa koriyar rigar da aka ba mu, kana cewa ina ma mutanen Wurma su gan ka. Mun ci wasanmu na farko da kyar, cikin zafi mai ɗanko da ba mu saba da shi ba. Muna fitowa aka ce an bugo waya daga gida: matata Salomi ta haihu kafin lokaci, jini ya ƙi tsayawa.

Koci ya ce in tafi, kai ka tsaya, tunda kana da wasanka washegari. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, dubi mutumin nan, takalmansa ma bai san inda ya aje ba. In na sake shi shi kaɗai, ko Ilori ba zai kai ba." Ya ce in ka fita ba za a sake kiran ka ba. Ka ninke rigar ka miƙa masa.

Da muka iso asibiti, likita ya ce jini ake nema. Nawa bai dace ba, naka ya dace. Ka kwanta aka ɗiba, da gajiyar hanya a jikinka, ba ka ko kurɓi ruwa ba. Salomi ta tashi. Jaririyar ma ta rayu, ita ce Zipporah, wadda yanzu take aji biyar.

Ba a sake kiran mu ba, kamar yadda aka faɗa. Ba ka taɓa goranta mini ba, amma na san abin ya ci maka rai. Shekarar da ta biyo baya muna zaune ƙofar gidanka rediyo na ba da labarin wasannin Aljeriya, aka ambaci yaron da ka sha dokewa a sansanin horo cikin 'yan wasan ƙasarmu. Ka kashe rediyon, ka ɗauki fartanya ka tafi gona. Ban bi ka ba.

Daga nan komai ya riƙa raguwa. Ƙwallo ya gagari saye, muka yi ta buga tsofaffi har gashinsu ya ƙare. Matarka Kulu ta ɗinke ragar nan har ta rasa inda za ta soka allura. Ɗaliban da ka koya wa suka watse neman abinci. Bara wani ya shuka gyaɗa a filin, ka ce a ƙyale shi, gara ƙasar ta amfani wani.

Zuwana duba ka na ƙarshe, ruwan sama ka tambaye ni, ko an gama shukar gero a Birchi. Can ka ce, "Akawu, na gaji." Na ce ni ma. Muka zauna tare har aka kira la'asar.

Da aka yi maka salla a Wurma na tsaya gefe ƙarƙashin darbejiya, kamar yadda ya kamata. Da aka ɗaga makara, wani dattijo da ban sani ba ya kamo hannuna ya ɗora a kai, ya ce, "Kama, ɗan'uwanka ne."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Kulu da 'ya'yanta Ummaru da Hawwa'u, da Sodangi, da mutanen Wurma da Kurfi baki ɗaya. Salomi tana wurinku tun ranar, ta ce ba za ta dawo ba sai an yi addu'ar bakwai. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Kai kuma Malam Mamuda, Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinka. Ka gaji, Allah ya hutar da kai.