Rigar Farautar Delmer Sizemore

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran Delmer Sizemore, mijin yayata Oleta, a bakin tsohuwar gonar taba da ke bayan cocinmu, nan gabashin Kentucky. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, a gaban idona. Mutane sai tambayata suke yi yadda nake ji, ni kuwa ban san abin da zan ce musu ba. Ina cin abinci, ina barci, ina zuba wa karnuka ruwa. Har yau hawaye bai zo ba.

Delmer, ina yaro ka shigo gidanmu neman aure da ɗan kwikwiyo a aljihun riga. Mahaifiyarmu ta ce wannan ko dai wawa ne ko mutumin kirki. Ashe duka biyun ne. A kan karnukan bigul rayuwarka ta ƙare, gajerun nan masu dogon kunne da fari a bakin wutsiya. Kakan ce daga Ingila aka kawo kakanninsu, inda ake bin su a ƙafa wajen farautar zomo, shi ya sa suka dace da wanda ba shi da doki. Kakan ce farin wutsiyar don mai su ya hango su ne a cikin ciyawa. Na ji wannan labari a bakinka har na haddace, ban taɓa samun damar cewa na riga na sani ba.

Halinsu ma ka kwaso kaf. Ga taurin kai, ga kwaɗayi, ga rashin iya zama su kaɗai. Ba su san baƙo ba, da ɓarawo zai shigo gidanka, su ne za su raka shi har kicin suna kaɗa wutsiya. In hancinsu ya kama sawu kuwa, kunnensu ya toshe ke nan, kira har muryarka ta dushe ba za su waiwayo ba. Oleta takan ce ita bigul mai ƙafa biyu ta aura.

Kowane lokacin sanyi, tsofaffin matan cocinmu sukan tarar da zomo a feɗe a ƙofar gida, ba ka taɓa tsayawa a yi maka godiya ba. Lokacin da matata ta rasu na kulle kaina a ɗaki, ba ka yi mini wa'azi ba. Ƙofa ka turo, ka ajiye kwikwiyo a ƙasa, ka ce, "Hobart, ga shi nan. In ka ga dama ka bar shi ya mutu da yunwa." Ka ja ƙofa ka tafi. Kafin yamma ya cinye mini takalmi, dole na tashi.

An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma ban da kai. Kai ka koya mini cewa zomo in karnuka suka tashe shi, zagaye yake yi ya dawo inda ya fara. Sai ka hau kututture ka tsaya kana sauraron haushi. In na fara kutsawa cikin ƙaya, ka ce, "Kai sarkin gaggawa, tsaya wuri ɗaya! Zomo ya fi ka sanin hanyar gida."

A kan kututturen nan kake ranar Talatar. Tilly, tsohuwar karyarka, ita ke jan gaba, muryarta tana tahowa daga bayan tudu. Ka ce, "Saurara, ta juyo da shi." Sai ka zauna, sannan ka sulale ƙasa. Kafin motar asibiti ta iso an gama. Sauran karnukan suka dawo gindin motarmu, Tilly ba ta dawo ba, kuma a wannan rikici babu wanda ya tuna da ita sai da yamma.

Mu nan kowa ya san abin da ake yi in kare ya ɓata. Mai shi yakan shimfiɗa rigarsa a inda ya sake shi, ya tafi gida, da safe ya tarar da shi kwance a kanta. Na shimfiɗa tawa. Da safe na sami rigar sanyi ya daskarar da ita, ko sawun Tilly babu. Na sake, haka. Ga sanyi yana ƙaruwa, ga diloli a tudun nan, Tilly kuwa ta tsufa, ƙafarta ɗaya ma ba ta da ƙarfi.

Bayan an binne ka na je wurin Oleta. Rigar farautarka, mai ruwan ƙasar nan da ƙaya ta yayyage, tana kan gado a gefen da kake kwanciya. Ta hana Ronda, 'yarku, ta wanke ta.

Na ce, "Yaya, rigar nan nake so ki ba ni aro."

Ta ce, "Ka je ka sa taka mana."

"Na sa. Ba ni take nema ba."

Ta dubi rigar. Sannan ta ce, "Hobart, ita kaɗai ta rage da ƙanshinsa a gidan nan. An ce za a yi ruwa yau. In ta kwana a waje, shi ke nan."

Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta miƙo mini rigar, fuskarta tana kallon bango. Ta ce, "Ungo. In na bar masa karyar nan a daji, har a kabari ba zai bar ni in huta ba."

An kuwa yi ruwan. Da gari ya waye na hau tudun, tun daga nesa na hango farin nan na bakin wutsiya. Tilly tana dunƙule a kan rigar a gindin kututture, ta rame, kunnuwanta duk jini. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta dubi bayana, ta mayar da kai ƙasa. Ta ƙi tashi, sai da na naɗe ta a cikin rigar na sungume su tare.

Oleta tana bakin ƙofa. Ta karɓi rigar, sharkaf da ruwa da laka, ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa. Ta ce, "Warin kare kawai." Ta sake shaƙa, ta ce, "To, ai shi ma warin da yake yi ke nan." Daga nan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, Tilly ta ɗora haɓa a cinyarta. Ni ina tsaye kamar yadda ka koya mini, wuri ɗaya, ban ji komai ba sai sanyi a ƙafata. Wataƙila nawa kukan yana can yana zagaye.

Rigar yanzu tana ƙasa a gefen gadon. Tilly ke kwana a kanta, Oleta kuwa takan sauko da hannu ta dafa su.

Allah ya jiƙanka, Delmer, ya gafarta maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Oleta, da Ronda da 'ya'yanta, da jama'ar cocinmu, da duk wanda yake da karen da ya fito daga hannunka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu ma mu gane hanyar gida in tamu ta zo.