Atamfar da Kawu Ya Kafa a Gona

Jiya, shekara guda da rasuwar kawuna, na ji dipitenmu, wato ɗan majalisarmu, a rediyon Bouza yana cewa marigayin "babban ɗan jam'iyyarmu ne tun farko". Ban cika son in ce mutum ya yi ƙarya ba, amma wannan ƙarya ce.

Ina wurin, a Allakaye, ranar da mutumin nan ya zo neman ƙuri'a. Kawu na zaune bisa buzunsa yana tufkar igiya, bakinsa cike da taba gari. Aka ajiye mishi turmin atamfa mai hoton ɗan takara, tana ƙamshin sabunta. Ya shafa ta da yatsunsa masu kaushi.

"Ɗana, rijiyar da kunka ce za ku gina muna, cikin ƙyallen ga take?"

"Baba, sai mun hau."

"To, Allah shi hisshe ku."

Da gero ya fara nuna, ya ɗaura atamfar a sanda tsakiyar gona don korar tsuntsaye. Ya ce mini, "Bari huskar ga ta yi muna aiki ko sau guda."

Jiyan nan, rediyon na karɓar kiran masu saurare. Na danna lambar, sai na tuna takarduna na neman aiki, wataƙila ta hannun mutanen dipiten za su bi. Na kashe wayar.

Allah ya jiƙan Kawu. Allah ya isar mishi ga mai cin ƙuri'a da sunan mamaci, ni kuma ya kwance mini harshe tun masu shaida suna raye.